Keke, kyamara da jikin da ya manyanta: yadda ake doguwar tafiya ana ɗaukar hoton tsuntsaye

Kusan a tsaye nake ranar da na yi faɗuwar da ta fi kowacce ba ni wahala a kan keke. Ina da shekara 63 a lokacin, kwana na huɗu kenan a hanya da jakunkuna biyu a kariya, sai ga alhudahuda a gefen titi ya baza zankonsa hasken safiya na dukansa, idona na kansa, hannu ɗaya ya riga ya tafi neman zif ɗin jakar kyamara, ɗayan kuma ya damƙe birki da ƙarfi. Na sauke ƙafa ta ɓangaren da gefen hanyar ya zurma, ƙafar bata tarar da ƙasa ba, keke da kayansa suka biyo ni, na tare da tafin hannu. Sati takwas hannun yana ɗaure, tafiyar da na shekara ina shiryawa kwana biyu bayan nan ta ƙare.

Tun daga ranar na fara lura, a kaina da kuma abokan tafiya masu irin shekaruna, inda muka fi jin ciwo a wannan harkar shi ne ɗan tsakanin nan, daga lokacin da ido ya ga tsuntsu zuwa lokacin da ƙafa biyu suka taka ƙasa. Bai fi sakan goma ba. Dan haka daga nan zan fara kafin mu zo maganar kyamara ko magani.

Tsayawa

In ka hango tsuntsu kana tafe kar ka ci birki a kansa, wuce shi. Ci gaba da taka feda kamar baka gan shi ba har ka ba shi kamar mita 20 ko 30, a cikin wannan tazarar ne zaka leƙa madubi ka ga ko akwai mota a bayanka, ka sauke giya zuwa mai laushi saboda tashi anjima, ka matsa birki biyun tare a hankali, sannan ka duba da idonka inda ƙafarka zata sauka. Ƙafar da ke ɓangaren tudu ake saukewa. Kuma tsuntsun ma ya fi yarda da haka, abinda ke wucewa salin alin bai cika damunsa ba dan ya saba ganin dabbobi da motoci na giftawa, amma abinda ya tsaya cak ya juyo ya zuba masa ido, wannan kam a wurinsa mafarauci ne, fir zai tashi.

Sai ka sauka gaba ɗaya. Na san jarabar nan ta tsayawa keke na tsakanin ƙafafu ka ɗaga kyamara, na yi shekaru ina yi, amma keke mai kayan kilo 15 ko 20 in ya fara karkata ba ya dawowa, kai kuma ido ɗaya a rufe ɗayan a cikin kyamara, kanka a ɗage, jiki bai san inda ƙasa take ba. Abubuwan da ke riƙe mutum a tsaye, wato ido da cikin kunne da jijiyoyin tafin ƙafa, duk sun rage kaifi a shekarunmu. Ga masu shan maganin hawan jini akwai ƙari, tsayawa farat ɗaya bayan an daɗe ana taka feda na iya kawo jiri saboda jini ya taru a ƙafafu. Toh sauka, jingine keken ko ka sa masa jak mai ƙafa biyu, ka ba kanka minti ɗaya ko biyu, ka kurɓi ruwa, ka kalli tsuntsun da ido tukuna. Dama zuciya na bugawa hannu na rawa, a zum mai nisa kuwa ƙaramar rawa ta isa ta dagula hoto. Wani tsuntsun zai tashi kafin ka shirya, zai faru sau da yawa ma, ka bar shi ya tafi.

In ɗaga ƙafa ta saman sirdi da jakunkuna ya fara zama aiki, karkato keken ta wajenka sosai kafin ka ɗaga, ko ka koma wanda ba shi da sandar tsakiya, wanda ake cewa keken mata. Suna ne kawai, a Holan da Jamus dattawa maza da yawa shi suke hawa kuma suna cin ɗaruruwan kilomita da shi. Mai tsayawa sau 30 a yini saboda tsuntsu ya fi kowa buƙatarsa. Feda kuma mai faɗi wadda takalmi ke zama a kai kawai, banda irin mai maƙale takalmi.

Kyamara a jakar gaba take zama, wadda ke maƙale a kan keken, mai murfin da hannu ɗaya ke buɗewa, ka shimfiɗa soso ko ƙaramin tawul a ƙasanta saboda girgizar gargada. Kar ka rataya ta a wuya ko ka goya ta a baya kana tuƙi, in ka faɗi a kanta ƙarfe ne tsakaninka da ƙasa, haƙarƙari ko ƙashin baya ne zasu karɓa. Jakar kuma kar ta wuce kilo uku haka, in ta yi nauyi kan keken zai riƙa fizgarka.

Wacce kyamara? Lens (gilashin gaban kyamara mai jawo nesa kusa) mai zum milimita 150-600 na kamfanin Sigma ko Tamron yana fitar da hoto mai kyau ba musu, amma shi kaɗai kusan kilo 2 ne kafin ka haɗa da jikin kyamarar. Na ɗauke shi tafiya ɗaya, rabin lokaci yana ƙasan jakar baya dan fito da shi aiki ne, ranar da na yi amfani da shi sosai kuma kafaɗa ta hana ni barci. Kyamarar Sony RX10 IV bata fi kilo ɗaya da ɗan ɗoriya ba kuma zum ɗinta na kaiwa daidai da milimita 600. Nikon P950 kusan kilo ɗaya ce tana kaiwa har 2000, tana da kyau wurin gane tsuntsun da ke can nesa, sai dai sensarta, wato ɓangaren da ke karɓar haske a ciki, ƙarama ce, da haske ya ragu hoton zai yi tsakitsaki. Akwai kuma tsarin kyamarori da ake kira Micro Four Thirds na kamfanonin OM System da Panasonic, inda lens mai 300 ke ba ka kamar 600, kyamarar OM-1 ta OM System ma tana gane tsuntsu da kanta ta kama idonsa, wannan babban taimako ne ga wanda hannunsa ko idonsa ya fara gajiya. Ni dai a ganina 600 ta ishi mai keke, tunda keke na kai ka kusa ba ƙara ba hayaƙi. Madubin hangen nesa kuma ɗauki ƙarami, 8x32, wato mai ninka girman abu sau 8 da gilashin gaba mai faɗin milimita 32. Ƙwayar idon matashi na buɗewa har milimita 7 a duhu, tamu bayan sittin bata cika wuce 5 ba, dan haka ƙarin hasken da babban madubi ke tarawa ba duka yake shiga idonmu ba, nauyin ne kawai zai rage mana.

Ciwon da ke shigowa a hankali

Gwiwa ce kan gaba. Kafin ka ɗora wa tsufa laifi duba sirdi. Hau ka dafa bango, ka ɗora diddige a kan feda ka kai ta can ƙasa, ya kamata ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba, in ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar zaka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa, masu auna abin suna neman digiri 25 zuwa 35. Ciwo a gaban gwiwa wajen ƙoƙon, yawanci sirdi ya yi ƙasa ne ko kana tura giya mai tauri. Ciwo a bayan gwiwa yawanci ya yi sama. Gyara kaɗan kaɗan, milimita 3 zuwa 5, ka yi yini guda ka ji yadda take, in ka samu daidai ka naɗa salatif a sandar sirdin ya zama alama, dan ranar da aka kwance keken za a sa a mota ko jirgi ka mayar inda yake.

Da yawanmu mun koyi keke da wanda ba shi da giya, mun saba da dannawa da ƙarfi a hankali, wannan salon shi ke cin gwiwa. Juya ƙafa da sauri a giya mai laushi, zagaye 80 zuwa 90 a minti, ƙirga na sakan 15 ka ga ko ka kai 20. In giyar kekenka mafi laushi ma tana sa ka nishi a tudu, sa mai gyara ya saka ƙaramin faifan sarƙa na gaba mai haƙora 22 ko 24, babban na baya mai 34 ko 36. Wanda kwankwaso ko gwiwa basa son naɗewa sosai ya gwada gajeren hannun feda, milimita 165 maimakon 170 ko 175, bambancin kamar ba komai amma gwiwa bata hawa sama kamar da.

Yadda nake rarrabewa a hanya: ciwon da ke nan da safe amma ya saki bayan minti 15 na tafiya, ina ci gaba a hankali. Wanda ke ƙaruwa da kowane kilomita, ko gwiwa ta kumbura ta yi zafi, ko ta ƙage, ko ka ji ta sake maka kamar zata zube, ranar tafiya ta ƙare. Ƙanƙara a cikin ƙyalle minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafa, in kwana biyu bata sauka ba a nemi likita.

Hannu ya kamata ka ji tsoronsa ninki biyu tunda shi ke birki shi ke kyamara. In ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka sage, jijiyar da ta bi ta gefen tafin hannu ce ake dannewa. Ɗaga kan keken ya zo daidai da sirdi ko ya ɗara shi, sa safar hannu mai soso, riƙa canja riƙo, kar ka ƙame gwiwar hannu, sannan taya mai faɗin milimita 40 zuwa 50 da ba a cika mata iska tam ba tana shanye girgiza fiye da duk wani soso. In sagewar ta kwana ta tashi da kai, ko ka kasa ɓalla maɓallin riga, kar ka ce zai wuce, jijiya in ta jima a danne tana ɗaukar watanni kafin ta dawo.

Wuya kuwa aiki biyu muke ba shi, a kan keke yana ɗage dan ganin hanya, a ƙasa yana ɗage dan ganin saman bishiya. Ja da baya daga gindin bishiyar, wuya zai huta kuma hoton zai fi, dan wanda ya tsaya a ƙarƙashin tsuntsu cikinsa kawai yake ɗauka. In kyamararka na da allo mai juyawa yi amfani da shi. Daɗewa kai a ɗage na sa wasu dattawa juwa, dafa wani abu.

Mazaunai: wandon keke mai soso guda biyu, ba a sa kamfai a ciki, a wanke kullum a busar, a riƙa miƙewa kan feda duk bayan minti goma ko sha biyar. Maruru in ya fito kar a matse, a huta. Sagewar gaba ba abin jurewa ba ce, canja sirdi zuwa mai tsaga a tsakiya.

In an faɗi

Abu na farko kar ka zabura ka miƙe dan kunyar masu wucewa. In ba a tsakiyar titi kake ba zauna a inda kake, yi numfashi, motsa yatsun hannu da na ƙafa, taɓa kanka, cire hular kwano ka duba ta. Minti goman farko jiki na ɓoye ciwo, mutum zai iya hawa keke da karaya bai sani ba.

Kai shi ne wanda ba a wasa da shi. Ƙwaƙwalwa na ɗan tsukewa da shekaru, ƙananan jijiyoyin jinin da ke tsakaninta da ƙoƙon kai sai su miƙe, bugun da matashi zai karkaɗe ya wuce na iya tsinka ɗaya jini ya riƙa tsiyaya a hankali, alamar bata fito ba sai bayan kwanaki ko ma makonni. In kana shan maganin tsinka jini irin warfarin, apixaban ko clopidogrel, ka bugi kai, asibiti zaka tafi ranar ko da kana jin garau. Mai shan asfirin kullum ma ya faɗa wa likita. Kowa kuma in ya suma ko na sakan kaɗan ne, ko ya kasa tuna yadda ya faɗi, ko amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, barci mai nauyi, ruɗewa, magana na harɗewa, ɓari ɗaya ya yi sanyi, ba a jira. Faɗa wa abokin tafiyarka ko iyalinka ka bugi kai, dan sau da yawa su ke fara ganin canjin kafin kai. Hular da ta bugi ƙasa ta gama aikinta ko bata tsage a ido ba, a sake wata.

Sai wuyan hannu, wanda ya same ni. Miƙe babban yatsa zaka ga wani ɗan rami a gindinsa ta bayan hannu, in ka danna wurin ka ji zafi bayan ka tare faɗuwa da tafin hannu, ɗauka karaya ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Akwai ɗan ƙaramin ƙashi a nan da sau da yawa hoton farko ba ya nuna tsagewarsa, shi yasa likitoci ke ɗaure hannun su ce a dawo bayan kwana 10 zuwa 14 ko su yi hoton MRI mai nuna cikin jiki dalla-dalla, kuma jini bai wadace shi ba, in aka yi sakaci yana ƙin haɗewa. Ni na ɗauka targaɗe ne na ƙara kwana biyu ina tuƙi a kansa, wallahi da na sani da ban yi ba, kwana biyun nan sun ƙara min makonni.

Ƙashin da ya taso daga gindin wuya zuwa kafaɗa shi ne wanda masu keke suka fi karyawa, zaka ga kafaɗar ta sauka hannun ya ƙi ɗaguwa. Rataye hannun a ƙirji da gyale ko tub ɗin taya na ajiya, a tafi asibiti, warkewarsa sati 6 zuwa 12 ce ga babba. Haƙarƙari kamar sati 6, kar a ɗaure ƙirji tamau, a riƙa jan dogon numfashi duk da zafin dan kar huhu ya kamu, in numfashi na sarƙewa kuwa gaggawa ce. Wanda ya faɗi ta gefe ya kasa taka ƙafa, musamman in ƙafar ta gajarta ko ta juya waje, ƙugu ne, kar a ɗaga shi a zaunar, a kira motar asibiti.

Nan zan ɗan ratse. Keke na riƙe zuciya da huhu da cinya har tsufa sosai, Robert Marchand ɗan Faransa yana da shekara 105 ya yi kilomita 22 da rabi cikin awa ɗaya a watan Janairun 2017. Amma keke ba ya gina ƙashi, saboda sirdi ne ke ɗauke da nauyinka, ƙashi kuwa sai an ɗora masa nauyi yake ƙarfi. Mutum zai iya zama da zuciyar ɗan arba'in da ƙashin ɗan tamanin. Dan haka kafin tafiya a haɗa da tafiyar ƙafa, hawa bene, ɗan ɗaga nauyi, da tsayuwa a ƙafa ɗaya kusa da bango. Mata da suka daina al'ada da duk wanda ya taɓa karaya daga ƙaramar faɗuwa su tambayi likita gwajin ƙarfin ƙashi da ake kira DEXA.

Ƙujewar kwalta wanki ne maganinta. Kwarara ruwan sha mai yawa, fitar da duk tsakuwa da ƙasa ko da zafi, kar ka zuba sifirit a cikin ciwon dan yana ƙona naman da zai warke, shafa basilin kaɗan, rufe da bandejin da ba ya mannewa, canja kullum. Fatarmu ta yi siriri tana yagewa kamar takarda, in ta ɗaye kar ka yanke, wanke ka shimfiɗa ta inda take ka rufe. Ja mai yaɗuwa, zafi, mugunya ko zazzaɓi, asibiti. Mai ciwon suga ya riƙa duba ciwon da tafin ƙafarsa kowane dare. Allurar tetanus in ta wuce shekara 10 a sabunta tun a gida.

Magani kuma a yi hattara. Ibuprofen da diclofenac na kashe ciwo sosai, shi yasa ake jarabtuwa a riƙa haɗiya kullum a ci gaba da tafiya, amma ga dattijon da ya yini yana zufa suna iya taɓa ƙoda, su tayar da gyambon ciki, su ɗaga hawan jini, ga mai shan maganin tsinka jini kuwa haɗari ne kai tsaye. Na shafawa ya fi sauƙi ga ciki. Farasitamol kar ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya takwas masu 500, mai ƙaramin jiki ko matsalar hanta ƙasa da haka, kuma magungunan mura da yawa na ɗauke da shi a ciki. In gudawa ko ciwon fitsari ya kama ka a hanya aka rubuta maka ciprofloxacin, faɗa wa likitan keke kake tuƙi, dan dangin maganin nan na iya raunana agara har ta tsinke, waɗanda suka haura 60 da masu shan sitiroyid sun fi shiga haɗarin. Rubuta magungunanka da cututtukanka da lambar wanda za a kira a takarda, ɗaya a aljihu ɗaya a jakar gaba. Inshorar tafiya kuma karanta ka tabbatar ta karɓi shekarunka, ta karɓi doguwar tafiyar keke, kuma ka faɗa musu ciwukan da kake da su. Ciwon ƙirji, ko numfashin da bai yi daidai da aikin da kake ba, ko zuciya na tsalle, sauka ka nemi taimako nan take.

Tsara yini

Tsuntsaye sun fi motsi a awa biyu ko ukun farko bayan fitowar rana, sai kuma daga la'asar sakaliya. Dan haka nake neman masauki kusa da ruwa ko bakin daji, da sassafe in fita ba jakunkuna in yi hoto, da hantsi in ɗaura kaya in yi kilomita 40 ko 50, in huta da rana tsaka, duk kwana uku ko huɗu kuma in yi yini guda ban ɗaura kaya ba. Jikin da ya manyanta na iya aikin, murmurewar ce ke ɗaukar lokaci. Ƙishirwa ma bata yi mana magana da wuri kamar da, sha ruwa a duk tsayawa, ka duba launin fitsari.

Hanyar da ta bi gefen kogi ko tafki ta fi dacewa, ba tudu sosai kuma nan tsuntsaye suke. Misali hanyar keke ta kogin Danub daga Passau a Jamus zuwa Biyana a Ostiriya, kilomita 300 da ɗoriya kusan duk a shimfiɗe, can inda kogin ya shiga Baƙin Teku a Romaniya kuma an ƙirga tsuntsaye sama da iri 300. Keke mai batir na ceton gwiwa a tudu, amma ya fi nauyi wurin tsayawa da juyawa, kuma jirgin fasinja ba ya ɗaukar batirinsa dan iyakar da aka sa Wh 160 ce (ma'aunin wutar da batir ke ɗauka), nasa ya ninka haka.

Ranar da ciwo ya zaunar da kai ita ce ranar hoto mafi kyau in ka yarda da ita. Nemi bakin ruwa, zauna a ƙasa ko a ƙaramar kujera rana na bayanka, jingina baya, ɗora gwiwar hannu a kan gwiwa, ka yi shiru. Bayan kamar minti 20 wurin zai manta da kai, zalɓe zai dawo kamun kifinsa, belbela zata matso, ƙananan ma su sauko shan ruwa, kuma kana daidai da idonsu, abinda ke bayansu a hoton ya narke ya yi laushi. In kafaɗa ko hannu ne ke ciwo mayar da keken ya zama majingina, kafa jak, ninka riga a kan sirdi ka ɗora lens a kai, ka tsaya a bayan keken, jakunkunan ma na ɓoye siffarka.

Saitin kyamara ka gama shi tun kafin ka hau, dan yatsun da suka yini a kan birki basa son ƙananan maɓallai. Gudun shota, wato saurin ƙyaftawar kyamara, 1/500 na sakan ko sama ga tsuntsun da ke zaune, 1/2000 ga mai tashi irin shirwa ko shaho, tsattsewa kam har fiye. Bar ISO, wato saitin karɓar haske, ya zaɓi kansa, hoto mai ɗan tsakitsaki ana gyara shi, wanda ya dagule ba a gyarawa. Fokus a idon tsuntsun. Ɗauki da yawa a jere, a cikin biyar ɗaya zai fito tsaf ko hannu na rawa. Farin tsuntsu a rana rage haske kaɗan dan kar gashin ya ƙone, wanda ke sama sararin samaniya na bayansa ƙara haske in ba haka ba baƙi zai fito. Da rana tsaka zafin da ke tashi daga kwalta ko ruwa na sa hoton nesa ya yi ta rawa, ba laifin kyamara ba ne, matso ko ka jira yamma. Tsuntsu na tashi ne yana fuskantar iska, in iska da rana duk suna bayanka zai taso ta wajenka. Masu kama ƙwari a sama da masu kamun kifi kuma sukan koma reshe ɗaya sau da sau, saita a reshen ka jira maimakon ka bi su.

Kunnen tsufa siririn sauti yake fara rasawa, kukan ƙananan tsuntsaye kuwa can yake. Manhajar Merlin ta cibiyar nazarin tsuntsaye ta jami'ar Cornell a Amurka, tun 2021 tana sauraron kuka ta nuna sunan mai yinsa, ta fi ƙarfi a tsuntsayen Amurka da Turai, sauke kundin yankin da zaka bi tun kana da intanet sai ta yi aiki ba sabis. A tsaye ake duba ta. Kuma dan Allah kar a kunna kukan tsuntsu dan a jawo shi lokacin ƙwai, kar a matsa wa sheƙa, in uwar ta tashi tana kewayarka tana ihu ka yi kusa da yawa, ja baya, ƙwai na lalacewa in an bar su a rana ko sanyi.

Dawowa bayan karaya, likita ne zai ce yaushe, kuma atisayen da aka ba ka a yi shi ko yana da gundura. Da aka kwance min hannu na fara da minti 20 a fili ba kaya, ina ƙara kaɗan duk sati, sai da na iya matse birki da ƙarfi ba zafi kafin na shiga titi. Tsoro ma yana nan, ranar farko ƙafata na rawa a kan feda, wannan ba abin kunya ba ne kuma yana raguwa. Sati biyu kafin in sake fita doguwar tafiya na ɗaura jakunkunan da nauyinsu na gaske, na tafi wani fili ba mota, na zaɓi dutse na ce shi ne tsuntsun, in wuce shi, in leƙa madubi, in sauke giya, birki biyu, in duba ƙasa, in sauka, in kafa jak, sannan in buɗe jaka. Sau 20 a yini, ta dama da ta hagu, har da inda ƙasa ta karkata.